Yadda Ake Haɗa Maikuroskop na Hologiram Mai Haske Ninki Biyu, Mataki-Mataki

'Yan'uwa ɗalibai masu karatun fiziks da na likitanci a nan Legas, daga Akoka har Idi-Araba, sun yi ta tambaya iri ɗaya: yaya ake ɗaukar hoton cikin nama ko ƙwayar halitta mai tsawo da faɗi da zurfi, a ɗauka ɗaya, ba tare da an zuba rini ba? Ga yadda ake yi, bisa tsarin da ya kamata a bi. Roƙona ɗaya shi ne kada ka tsallake mataki don gaggawa, domin kusan duk wanda ya rasa sigina a ƙarshe, a baya ya bar wani abu bai tabbatar ba.

Abin da ya kamata ka riƙe kafin ka taɓa sukurudireba kaɗan ne. Akwai abubuwan da idan leza mai gajeren bugu ta dake su da ƙarfi, sai su fitar da sabon haske wanda tsawon zangonsa rabin na lezar ne. Nanomita 1030 ya koma 515, wato kore; 800 ya koma 400. Masu aikin suna kiransa SHG, wato haske ninki biyu. Kolajin na jijiya, mayosin na tsoka, sitaci da seluloz duk suna yin haka da kansu. Wannan sabon haske yana tafiya da taku ɗaya da lezar da ta haife shi, shi ya sa za a iya gwama shi da wani haske na ma'auni su bar ratsi-ratsi a kan kyamara. Hoton ratsin nan shi ake kira hologiram, kuma daga gare shi kwamfuta ke fito da ƙarfin hasken da takunsa, sannan ta mai da shi kowane zurfi kake so.

1. Zaɓi leza, ka yi lissafin kuɗi

Leza ita ce ke cinye kasafin. Iri biyu ake yawan amfani da su: ta titaniyam-safaya mai nanomita 800, da ta itabiyam mai kusan 1030. A yanayinmu na fi son ta itabiyam, don ba ta cika rigima ba, a rufe take, kuma koren da take haifarwa ido yana ganinsa sosai, kyamara ma ta fi jinsa.

Kada ka dubi watt kaɗai. Dubi yawan bugu a daƙiƙa. Leza mai watt 1 da ke bugawa sau miliyan 80 a daƙiƙa, kowane bugu nanojul 12.5 ne. Wadda ke bugawa sau dubu 100 da wannan watt ɗin, kowane bugu maikirojul 10 ne, ninki 800 ke nan. Tun da SHG yana ƙaruwa ne da ninkin ƙarfin bugu a kan kansa, ta biyun za ta ba ka sigina ninki 800 idan tsawon bugun ɗaya ne. A wannan aiki haske ake shimfiɗawa a kan fili gaba ɗaya, ba a tara shi a ɗigo guda, don haka wannan bambanci shi ne tsakanin gani da rashin gani.

Kuɗi kuwa, da dala ake magana. Leza mai bugun femtosakan (kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa) dubban daloli ne gommai, manyan cikinsu su haura dubu ɗari. Kyamarar kimiyya mai sanyaya kanta, dubbai. Kiristal na BBO (mai mai da hasken leza SHG), madubai, filtoci da mariƙai kowanne ɗaruruwa ne ko ƙasa, amma idan aka tara su ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ka sa kuɗin jirgi, na Fom M (takardar shigo da kaya daga waje) da na kwastan cikin lissafi tun farko. Wannan ba kayan aljihun ɗalibi ba ne. Hanyar ita ce tallafin bincike irin na TETFund ta hannun sashenka, ko haɗin gwiwa da Cibiyar Leza ta Afirka da ke Pretoria.

2. Shirya ɗaki kafin kaya su iso

Nemi ɗaki a ƙasa, nesa da titi da ɗakin janareta. Motsin da bai kai rabin maikiromita ba ya isa ya shafe ratsin, kuma tirela ɗaya da ta wuce a bakin titi tana iya yin haka. Tebur mai tsayuwa kan iska shi ne daidai. Idan babu, faranti mai nauyi a kan tiyub na taya da aka ɗan hura yana rage girgiza ƙwarai.

Wuta: leza, na'urar sanyaya ta, da kyamara duk su bi ta UPS irin wanda kullum daga batir yake ba da wuta, ba wanda ke sauyawa idan an ɗauke ba. Sanyin ɗaki ya tsaya wuri ɗaya, kuma iskar AC kada ta bugi tebur kai tsaye.

Hattara: damshin Legas, musamman da damina, abokin gabar kiristal na BBO ne, don yana shan ruwan iska sannu a hankali har fuskarsa ta dushe. Sayi mai rufin kariya, ka ajiye shi a gwangwani mai murfi da ƙwayoyin silika duk lokacin da ba a aiki. Lenz masu tsada ma haka, in ba haka ba fumfuna ta kama su. Da hunturu kuma ƙura ce, sai a rufe teburin da akwatin roba.

3. Yi atisaye da leza mai araha

Wannan matakin da yawa suna raina shi, ni kuwa ina ganin rabin aikin ke nan. Samu ƙaramar leza kore mai nanomita 532 ko ja mai 633, da kyamara mai sauƙin kuɗi. Raba hasken biyu, ka sake haɗa su, ka ɗauki hologiram na gashi ko ƙura a kan gilashi. Rubuta manhajar lissafinka da Python, wanda kyauta ne, har sai ka iya mai da hoto cikin fokas da kwamfuta kawai. Za ka iya yin wannan watanni kafin babbar leza ta sauka a Ikeja. Ranar da ka fara neman sigina mai rauni, ba ka so ka riƙa shakkar manhajarka ma.

4. Raba hasken gida biyu

Kunna leza ka bar ta ta ɗumama kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. Sa farantin rabin zango, sannan gilashi mai raba haske bisa alƙiblar kaɗawarsa. Juya farantin shi ke ba ka ikon ƙayyade rabon kowane hannu, wato kowace daga hanyoyin hasken biyu. Kaso mafi yawa ya tafi hannun samfur, kaɗan ya isa hannun ma'auni. Tsayin haske daga tebur ya zama ɗaya ko'ina. Kafa ƙofofin ido biyu a kowane hannu don ka gane in ya kauce.

Hattara: wannan leza ce ta aji 4, kuma ido ba ya ganin nanomita 1030. Tana iya lalata ido kafin ka ƙifta. Sa tabarau na kariya da aka rubuta wannan zangon a jikinsa. Cire agogo da zobe. Kada ka sunkuya har idonka ya zo daidai da tebur, ko da abu ya faɗi, sai ka toshe hasken. Da katin gano infirared ake bin sawunsa, kuma a mafi ƙarancin ƙarfi. Kulle ƙofa, ka manna sanarwa.

5. Haɗa hannun samfur

Kafin samfur, sa filta mai barin dogon zango kawai ya wuce, don ta tare duk wani kore da ya taso daga lezar kanta. Sannan lenz mai dogon fokas, wanda zai ɗan tattara hasken ya zama da'ira mai faɗin maikiromita 50 zuwa 100 a kan samfur. Bayan samfur sai lenz na maikuroskop mai tattara sigina, misali mai ninki 40 da NA 0.75 (NA ma'aunin faɗin kusurwar hasken da lenz ke iya kamawa ne), sai lenz na bututu, sai kyamara. Ta gaba ake kama siginar, wato samfur yana tsakiya, leza ta shigo ta nan, kyamara tana can, saboda a siririn samfur yawancin SHG gaba yake tafiya.

Tsakanin lenz da kyamara sa filtoci biyu: ɗaya mai kashe infirared ƙwarai, ɗaya mai barin 515 kawai. Guda ɗaya ba ta isa, domin hasken leza ya fi siginar ƙarfi ninki miliyoyi.

Hattara: hasken da ya shiga lenz na maikuroskop a miƙe, a cikin lenz ɗin yake taruwa ya zama ɗigo. Da bugu mai ƙarfi yana iya ƙona gam ɗin da ya haɗa gilasansa. Fara da ƙaramin ƙarfi, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

6. Haɗa hannun ma'auni

Ratsi ba ya fitowa sai tsakanin haske biyu masu launi ɗaya, don haka hannun ma'auni ma dole ya zama kore. Tattara hasken cikin siririn kiristal na BBO da aka yanka don zangon lezarka: kusan digiri 23 don 1030, kusan 29 don 800. Ka faɗa wa mai sayarwa zangonka, shi zai yanka. Karkata kiristal ɗin a hankali har kore ya fi haske. Bayansa sa filta ta cire ragowar infirared, sannan lenz biyu su faɗaɗa koren har ya rufe fuskar kyamara. Ƙaramin rami a tsakanin lenz biyun yana tace shi ya fito sumul.

A wannan hannu ne za ka sa keken jinkiri, wato madubai biyu masu mai da haske baya a kan dandamali mai tafiya da maikiromita. Sayi mai tafiyar akalla milimita 25.

Hattara: a irin wannan yanka na BBO, koren yana fitowa da alƙiblar kaɗawa a gicciye da ta lezar. In bai dace da na samfur ba, ratsi ba zai fito ba ko komai ya yi daidai. Sa farantin rabin zango na 515 a nan, don ka iya juya shi.

7. Saita kusurwar haɗuwa

Haɗa hannayen biyu da gilashi mai raba haske a gaban kyamara, na ma'auni ya shigo a ɗan karkace. Karkatar ita ke raba hoton gaskiya da tagwayensa a lissafi. Faɗin ratsi ɗaya shi ne tsawon zango a raba da kusurwa. Idan fiksel na kyamararka maikiromita 6.5 ne, iyakar da za ka iya kaiwa a 515 ita ce kusan digiri 2.3, inda ratsi ɗaya ke cin fiksel biyu. Kada ka je bakin iyaka. Fiksel uku a kowane ratsi, wato kusan digiri 1.5, ya fi kwanciyar hankali. Ka sa ratsin ya kwanta daga kusurwa zuwa kusurwar kyamara, hakan yana ƙara maka fili.

Da lenz mai ninki 40 da NA 0.75, filin da kyar yake isa. In ka ga ya matse, ƙara ninkin girma zuwa 60 ko 80 ta hanyar lenz na bututu mai dogon fokas.

8. Daidaita tsawon hanyoyin biyu

A nan ake shan wahala, a nan kuma mutane ke karaya. Bugu mai femtosakan 100 tsawonsa a iska maikiromita 30 ne kacal, bai kai kaurin gashin kai ba. Hannayen biyu kowanne na iya kai mita ɗaya ko fiye, amma dole bugun biyu su iso kyamara tare, cikin wannan ɗan tazara. In ba haka ba za ka ga haske biyu a kan juna, babu ratsi ko ɗaya.

Fara da zare da tef na awo. Auna kowane hannu daga inda aka raba zuwa inda aka haɗa, keken jinkiri yana tsakiyar tafiyarsa. Sannan ka ƙara lissafin gilashi: kowane santimita 1 na gilashi yana ƙara kusan milimita 5 a kan hanya, kuma lenz na maikuroskop cike yake da gilashi. Wanda ya manta da wannan zai yi ta neman abu a inda ba ya nan.

Kada ka nemi daidaiton da samfur na gaskiya. Sa kiristal na biyu, ko garin BBO ko wani kiristal mai SHG, a mazaunin samfur don ka sami kore mai ƙarfi. Rage na ma'auni har su yi kusan daidai a kyamara. Sannan ka sa manhajarka ta riƙa nuna lissafin Fourier na hoton (wanda ke rarraba shi bisa faɗin ratsinsa) kai tsaye. Ɗigo biyu masu haske a gefe da gefen tsakiya za su bayyana tun kafin idonka ya ga ratsi a hoton.

Yanzu tura keken a hankali. Ka tuna haske zuwa da dawowa yake yi, don haka tafiyar maikiromita 15 ta keke maikiromita 30 ce a hanya. Taku na maikiromita 10 ya isa. Wanda ya wuce haka zai iya tsallake wurin bai sani ba. In kana da na'urar auna launin haske mai kaifi, ka huta: sa hasken biyu cikinta, za ka ga tudu-tudu a jikin layin ko da saura milimita ɗaya. Yayin da kake matsowa, tudun suna ƙara faɗi. Inda suka buɗe gaba ɗaya, nan ne.

Da ka samu, za ka lura ratsin bai rufe kyamara duka ba, wani zirin kawai ya kama. Wannan ba kuskurenka ba ne. Gajeren bugu ne da karkatar kusurwa suka jawo: maikiromita 30 a kan digiri 1.5 yana ba da ziri mai faɗin milimita ɗaya da ɗan kai. Magani mai sauƙi shi ne filta mai ƙuncin baki a gaban kyamara. Mai faɗin nanomita 1 a 515 tana tsawaita tazarar zuwa kusan maikiromita 260, sai dai tana cin wani kaso na siginar. Magani na biyu shi ne gilashi mai tsaga-tsaga a hannun ma'auni, wanda ke karkata goshin bugun ya yi daidai da ɗan'uwansa. Ya fi wuyar saiti, amma ba ya zubar da haske.

Hattara: rubuta lambar da keken ya tsaya. Duk gilashin da ka sa ko ka cire daga baya zai gusar da ita. Gilashin samfur mai kaurin milimita 1 kaɗai yana gusar da hanya kusan rabin milimita.

9. Samfurin farko: gasara

Kada ka fara da samfurin da ka sha wuya kafin ka samu. Sitaci yana ba da SHG mai ƙarfi, kuma a kowace kasuwa yake, daga Mile 12 har Agege. Ɗanyar gasarar masara ko ɗanyen sitacin rogo, ɗan abin da ya maƙale a bakin allura, a cikin ɗigon ruwa. Ƙwayoyin masara faɗinsu kamar maikiromita 5 zuwa 25 ne, daidai da filinka. Rufe da siririn gilashi, ka liƙe gefen da man farce marar launi don kada ya bushe.

Don gwajin zurfi, ka dama sitacin cikin agaros (wani jel da ke daskarewa in ya huce) mai narkewa a ƙaramin zafi, ta yadda ƙwayoyin za su tsaya a hawa daban-daban.

Hattara: zafi yana rusa tsarin sitaci, siginar ta tafi. Garin kwaki ba zai yi ba don an soya shi, koko ma haka. Bari agaros ya huce ƙasa da digiri 40 kafin ka zuba.

Toshe hannun ma'auni, ka nemi koren samfur shi kaɗai a cikin duhu. Sai ka gwada shi: rage ƙarfin leza zuwa rabi. In siginar ta sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, alama ce mai kyau. In rabi ta sauka, infirared ne ke yoyo ta filta. Hasken fuloresan na fotan biyu, wani haske dabam da samfur kan fitar, shi ma kashi ɗaya cikin huɗu yake sauka, amma shi ba ya yin ratsi, don haka hologiram ɗin da kansa zai tace shi.

10. Ɗauki hoto

Buɗe hannun ma'auni, ka sake gyara keken har ɗigon gefe ya fi haske, ka juya farantin 515 ma don haka. Yanzu ka ƙara ƙarfin ma'auni har ya cika rabi zuwa kashi biyu cikin uku na abin da kyamara ke iya ɗauka. Ƙarfin ratsi ya dogara ne ga ƙarfin hannayen biyu a haɗe, saboda haka ma'auni mai ƙarfi yana ɗaga sigina mai rauni sama da hayaniyar kyamara. Wannan shi ne babban alherin wannan hanya.

Hoto uku kake buƙata kowane lokaci: hologiram, ma'auni shi kaɗai, da duhu. Ajiye su a TIFF mai bit 16. JPEG yana lalata ratsi. Lokacin ɗauka ya zama gajere gwargwadon iko, don tsawonsa ke ba girgiza dama. In unguwarku mai hayaniya ce, bayan sallar asuba kafin motoci su fito ya fi kowane lokaci.

11. Lissafi

Cire hoton ma'auni daga hologiram. Yi lissafin Fourier. Yanko ɗaya daga ɗigon gefe da da'ira wadda rabin faɗinta ya kai NA a raba da tsawon zango, ka kawo ta tsakiya, ka mai da lissafin baya. Abin da ya fito yana ɗauke da ƙarfi da taku na hasken. Daga nan sai hanyar bakan kusurwa: a kowane zurfi, ka ninka bakan da takun da haske zai samu in ya yi wannan tafiya, ka mai da shi hoto. Yi haka a taku na rabin maikiromita, sama da ƙasa, ka jera hotunan, ka buɗe su a manhajar duba hotuna ta Fiji.

Kurakurai uku ke yawan faruwa. Sa 1030 a lissafi maimakon 515. Sa fiksel na kyamara maimakon na samfur, alhali 6.5 a raba da 40 shi ne 0.1625. Da manta ma'aunin lanƙwasa hasken ruwa, 1.33. In kuma ɗigon gefe ya baje ya zama dunƙule mai faɗi, goshin hannayen biyu ne bai yi lanƙwasa ɗaya ba. Gyara tazarar lenz na bututu, ko ka cire lanƙwasar a manhaja.

Hattara: wannan hanya ba ta yanka samfur fili-fili kamar maikuroskop na konfokal. Abin da ke wani hawa yana barin inuwarsa a sauran. Kaifin gefe kusan rabin maikiromita ne, na zurfi ɗaya zuwa biyu. Ta fi kyau ga samfur siriri ko mai abubuwa a warwatse, shi ya sa rukunin Demetri Psaltis a Lausanne suka yi amfani da ƙananan ƙwayoyin bariyam taitanet masu ba da SHG a jikin ƙwayoyin halitta. Ƙarfinta sauri ne: duk zurfin yana cikin ɗauka ɗaya, don haka abu mai motsi ba ya kufce maka.

12. Tabbatar da zurfi, sannan ka koma nama

Zaɓi ƙwayar sitaci ɗaya, ka ɗauka, ka matsar da samfur maikiromita 10 daidai, ka sake ɗauka. Da lenz mai nutsewa a ruwa da 1.33 a lissafi, manhaja ta ba ka 10. Da busasshen lenz, 10 za ta fito in ka sa 1, kusan 13 in ka sa 1.33. Kowace lamba dabam tana nufin ninkin girmanka ba abin da aka rubuta a jikin lenz ba ne, sai ka auna shi da gilashin awo mai layuka.

In wannan ya tsaya, je mayankar Oko-Oba a Agege da sassafe, ka roƙi mahauta ɗanyar agarar saniya. Ƙafar kaza ma ta yi. Sa ta a ƙanƙara. Da hantsaki biyu ka tsage siraran zaruruwa cikin ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin ɗari, ko a yanka maka mai kaurin maikiromita 10 zuwa 30 a injin yanka daskararren nama. Juya alƙiblar lezar a kan samfur, za ka ga kolajin yana haske yana dushewa gwargwadon yadda zaren ya kwanta, kuma duk juyi sai ka sake bin sa da farantin ma'auni. A hoton taku, zaruruwan da suka fuskanci gaba da waɗanda suka juya baya suna fitowa da bambancin rabin zango, abin da maikuroskop mai auna ƙarfi kaɗai ba ya nunawa. Naman ɗan Adam kuwa, ko ragowar gwaji ne daga asibiti, ba a taɓa shi sai da takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike.